Waƙar da na sa wa sunan ɗan gwaggona

Shekarar da na faɗi jarrabawar bak, ta gama sakandare, karo na biyu, na dawo Magarya daga Damagaram da jaka ɗaya da wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da abokin karatuna ya bar mini. Mahaifina bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi ba zai ga ƙato yana barci har hantsi a gidansa ba. Ya yi magana da wani amininsa, aka ba ni ɗan shago a bakin tasha, tsakanin mai facin taya da mai sayar da esans, wato fetur, a kwalabe. A nan na kafa sana'ar sharjin salula da turin waƙoƙi. Mutum ya miƙo wayarsa ko ɗan katin da ke cikinta, ya ce a zuba masa wa'azi, ko waƙoƙin fim, ko na biki, ni kuwa in zuba.

Abin da ni kaina nake saurare ba ya cikin abin da ake tambaya. Sunansa giraim. A lise, sakandaren da na yi, na fara jin sa, a wayar wani ɗan ajinmu da yayansa ke karatu a Turai. Salon rap ne na samarin unguwannin talakawa a Landan, kiɗa mai sauri da kaushi, ganga tana dukan ƙirji, mawaƙi kuma yana zubo magana kamar an biyo shi da gudu. Ko rabin Turancin ba na ganewa, amma abin ya kama ni. Duk wanda ya fitar da sabuwa a can, in dai rezon intanet ya yarda, kafin mako ya zagayo ta shigo ordinatata. Na san masu tasowa, na san wanda ya zagi wani a waƙa, na san wanda aka ce yayinsa ya wuce. A duk Magarya ba ni da abokin wannan hira. Na koyi haɗa kiɗan da kaina, ina rubuta baituka da Faransanci da ɗan Turancin da na tsinta, in rufe ƙofa da tsakar rana lokacin da tasha ta yi tsit, in ɗauki muryata. A raina ni wani ne da garin bai kai ga gane shi ba tukuna.

Ina da ɗan gwaggo a Dungas, ɗan kabu-kabu. Sa'ana ne, wata uku ya ba ni. A aji huɗu ya bar lakwal, bai ƙara komawa karatun boko ba. Da damina yana gonar uwarsa, da rani yana bisa moto, wato babur ɗin haya. In ya kawo fasinja Magarya, shagona ne mazauninsa har ya samu na komawa. Da yake taubashina ne, ba abin da bakinsa ba ya faɗa mini, kuma ba ni da damar yin fushi.

"Ɗan kawu, injin niƙan naka ne ya sake lalacewa?" Haka yake cewa in ya tarar da kiɗan yana tashi. "Kashe shi, kar mata su fara kawo gero."

Ni kuma in ce masa ba don kunnen da iskar moto ta toshe aka yi wannan kiɗa ba. Mu yi dariya, ya sha ruwa, ya miƙe ƙafa a benci.

Wata ranar kasuwa ya daɗe bai samu fasinja ba. Na kunna wani kiɗa da na haɗa, wanda bai yi mini ba, ina shirin goge shi. Don ya tsokane ni, sai ya ɗauki mikorona, ya gyara tsayuwa kamar yadda yake gani ina yi, ya fara kiran fasinjan garin Waca irin na tasha a kan kiɗan:

"Waca, Waca, saura ɗaya,
Hajiya riƙe kazarki, ni in riƙe hanya,
yashi na jan taya, rana na cin ƙeya,
Dungas ba ta gudu, zauna daidai, yaya."

Ya ci gaba, bai tsaya ba. Ya kawo tsohon da ya hau moto da akuya a cinya, ya kawo matar da ke addu'a tun daga Sassumbrum har bakin kasuwa, ya kawo ramin da kowane ɗan kabu-kabu ya sani. Ko sau ɗaya bai kauce wa ganga ba. Abin da na shekara biyu ina fama da shi, wato inda za a ja numfashi da inda kalma za ta sauka, shi ya yi shi yana dariya, hannu ɗaya a aljihu. Mai facin taya ya bar aikinsa ya leƙo. Na ce ya sake daga farko, na danna ɗauka. Da muka gama na tura masa a waya, na ce ya kai wa gwaggo ta ji abin da ɗanta ya zama. Wasa ne a wurina, wallahi.

Mako uku ba su cika ba wani saurayi ya shigo ya miƙo mini kati.

"A sa mini waƙar ɗan kabu-kabun nan na Dungas."

Ashe abokan sana'arsa sun karɓa daga wayarsa, fasinjoji sun karɓa daga nasu, ta bi kasuwannin ƙauye ta dawo inda aka yi ta. Ranar na ji daɗi. Na ce wa saurayin, "Ka san ni na yi kiɗan? A shagon nan aka ɗauke ta."

Ya ce, "To, Allah ya yi albarka. Tura mini, mota za ta tashi."

Sau huɗu ko biyar na sake faɗa wa mutane haka, sannan na daina.

Wanda bai yi wannan sana'a ba ba zai gane abin da ya same ni ba. Da a ce makaniki ne ni, ko malamin lakwal, da na ji waƙar daga nesa in toshe kunne in wuce. Amma ni da yatsana nake raba ta. Tun safe har la'asar ina danna sunansa, ina kallon layin nan na allo yana cika, ina cire kati in miƙa. Jandarma ya zo ya nema. Mai ƙosai ta aiko da wayarta. Matan da za su biki Waca suka tsaya a ƙofa su shida, kowace da nata katin. Waƙoƙina goma sha ɗaya suna nan cikin na'urar, a jakar da ke kusa da tasa, ba wanda ya taɓa tambaya, don ba wanda ya san suna nan.

A gida ma ban tsira ba. Ƙanwata tana wanke-wanke tana "rana na cin ƙeya". Wata rana mahaifiyata ta ajiye mini tuwo, ta ce da zuciya ɗaya, "Ashe zaman nan da kake yi gaban na'ura yana da amfani, tunda ga shi ya taimaki ɗan'uwanka."

Sai gidan rediyon gari ya kira shi a shirin matasa na yamma, wanda ake sa sababbin waƙoƙi. Na ce ba zan saurara ba, amma mai esans ya ƙure ƙarar rediyonsa. Mai gabatarwa ya kira shi sabon tauraron giraim. Shi kuwa ko kalmar bai iya faɗa daidai ba, "girai" ya yi ta cewa. Sau biyu ya ce, "Ɗan kawuna ne ya yi kiɗan, shi ya san abin, yana nan bakin tasha." Sau biyu mai gabatarwa ya wuce maganar, ya tambaye shi ko yana da budurwa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Da ya ɓoye ni, da ya ce shi ya yi komai, da na samu laifin da zan riƙe in yi ta ba mutane labari. Bai ba ni ko wannan ba.

Na fara ƙananan abubuwa da har yau ina jin kunyarsu. Nakan ce wa mai nema waƙar ta lalace a na'ura, sai ya tsallaka titi ya samo a shagon gaba. A fada, inda muke shan shayi da abokai, in aka kunna ta sai in taɓe baki in ce ai wannan ba giraim na ainihi ba ne, kiran fasinja ne kawai. Wani abokina ya dube ni ya ce, "To kai yi mana na ainihin mu ji mana." Aka yi dariya, aka zuba shayi na biyu.

Maganar ta bi ni. A makon na zauna na rubuta waƙa da Hausa, karo na farko a rayuwata. Na rubuta ranar da aka kafe sakamako a bangon lise, yadda na bi sunaye da yatsa daga sama har ƙasa, na sake daga ƙasa har sama. Na rubuta tafiyar taksi daga Damagaram zuwa gida, ina matse tsakanin buhu da ƙofa, wayata tana ringi a aljihu, na san mahaifina ne, na kasa ɗauka. Na haɗa mata kiɗa mafi kyau da na taɓa yi. Na rufe shago na ɗauka sau tara, na zaɓi ɗaya. Na san ban taɓa yin abin da ya kai ta ba.

Amma na kasa sa mata sunana. In na sa, aka ƙi ta, shi ke nan, ba sauran inda zan ɓuya. Sai wata dabara ta zo mini, a lokacin kuma na ɗauka wayo ce. Na ce ai mutane suna kawai suke bi. In na sa mata sunansa suka so ta, to na tabbatar ba abin da ya fi ni da shi sai sa'a, daga baya in fito in ce tawa ce, kowa ya ji kunya. Na sauya sunan waƙar, na rubuta cewa sabuwar ta ɗan Dungas ce. Duk wanda ya kawo kati a ranar kasuwar nan da kwana biyun da suka biyo, na zuba masa ita, ya tambaya ko bai tambaya ba.

Sannan na zauna jira. Duk wanda ya doso shagon sai in ɗauka maganarta ya kawo.

Wata mata ta dawo ta ce in cire mata, ba a rawa da ita. Samari biyu suka ce ta yi, amma ta farko ta fi. Wanda ya fi daɗewa a kanta wani dattijo ne, direban taksin Waca, da yakan kawo wayarsa sharji kafin mota ta cika.

"Yaron nan ya iya magana," in ji shi. "Ɗana ya faɗi jarrabawar befese bara, tun lokacin ba ya son zama da mutane. Na kunna masa a mota, ya juya fuska yana share ido. Maganar ta shiga jiki."

Zuciyata ta yi fari. Har na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya.

"Sai dai muryar," ya ce, yana girgiza kai. "Ba shi da lafiya ne? Yana yi kamar mai tsoron kada maƙwabta su ji. In ka gan shi ka ce ya sake ta in ya warke, kada ya ɓata magana mai kyau."

Na ce to, Baba, zan gaya masa. Na miƙa masa wayarsa.

Ranar kasuwa ta zagayo, na ji ƙarar moton ɗan gwaggona tun kafin in gan shi. Ya kafe ta, ya shigo, ya kakkaɓe ƙurar wandonsa, ya zauna a benci. Bai tsokane ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Ɗan kawu," ya ce, "tura mini sabuwar waƙata. An ce na yi sabuwa, ni kaɗai ne ban ji ba."

Na ce, "Wace waƙa?"

"Wadda ta sa aka tsayar da ni a Waca ana yi mini jaje. Wata tsohuwa har ta ce in daure, baɗi zan ci bak ɗin. Ni da ko takardar gama firamare ban riƙe ba."

Ba yadda zan yi. Na ba shi abin sa wa kunne, na kunna. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in mayar. Ya sake, ya ce in mayar. A na uku leɓɓansa sun fara motsi tare da ita. Ni kuwa ina ta shirya wayoyin sharji da ba su bukatar shiri.

Ya cire abin kunnen ya ce, "Ranar da ka dawo, ni na ɗauko ka daga tasha zuwa gida. Ka ce mini zazzaɓi ke damun ka."

Na ce, "Na tuna."

"Me ya sa ka sa sunana?"

Na so in ce kuskure ne, na so in ce wasan taubasai ne. Abin da ya fito shi ne, "Naka ake nema."

Na ɗauka zai yi faɗa, ina ma so ya yi. Sai ya ce, "Asabar bayan la'asar an kira ni gidan matasa. Za ka zo ka yi ta da bakinka, in gaya musu taka ce. In ba ka zo ba, zan yi ta ni, don na riga na haddace rabi."

Na je. Filin ya cika, ƴan kabu-kabu sun jera baburansu a bakin katanga, ƴammata sun zauna gefe guda a benci. Ya yi waƙarsa, fili ya ɗauka tare da shi. Sannan ya ɗaga hannu ya ce sabuwar da suke ji ba tasa ba ce, ta ɗan kawunsa ce mai shagon tasha, shi ne kuma ya yi duk kiɗan. Ya miƙo mini mikoro. Aka ɗan tafa, irin tafin da ake yi wa baƙo.

Baitin farko ya tafi daidai. Na ga wasu suna gyaɗa kai. A na biyu, inda taksi ke barin gari kuma magana take ƙara sauri, numfashina ya yanke. A shago in haka ta faru tsayawa nake yi in sake. A nan kiɗa ya wuce ya bar ni, na bi shi da kalma biyu na rasa ta uku. Sai na ji muryarsa a gefena ta ɗauka daga daidai inda na faɗi, ba mikoro ma a hannunsa da farko, har wani ya miƙa masa. Da ya kai wurin wayar da ke ringi a aljihu, ya dafa aljihunsa ya yi shiru na bugu ɗaya. Filin ya tashi da ihu. Kalmomina ne, baƙin cikina ne, mahaifina ne a wayar, amma a bakinsa suka zama abin da na so su zama. Na tsaya a gefensa riƙe da mikoro, ina murmushi don mutane suna kallo.

Da aka tashi an gaishe ni. Wasu sun ce ashe na iya rubutu. Amma shi aka kewaye.

Bayan watanni wani mai situdiyo a Damagaram ya kira shi. Da izinina ɗan gwaggona ya sake ɗaukar waƙar tawa a can, kuma ya sa aka rubuta cewa ni na rubuta. Sai dai mai situdiyon ya cire kiɗana ya sa nasa. Da na ji, na gane nasa ya fi tsabta, gangarsa ta fi nauyi. Abin mamaki, kishin da na yi wa mutumin nan da ban taɓa gani ba ya fi wanda na yi wa ɗan gwaggona zafi. Sai a lokacin na fahimci duk watannin nan ina da abu ɗaya da nake jingina da shi, cewa ba zai iya ba sai da ni. Ashe zai iya.

Yanzu ya fitar da waƙoƙi da dama. Ana kiran sa Damagaram, an taɓa kai shi Kano. Akwai sababbin yara a Magarya da Dungas da ke yin giraim da Hausa, kuma in ka tambaye su wa ya fara, shi za su ce. Bai bar moto ba, bai bar gona ba. Wasu baitukan nakan rubuta masa, wasu shi yake yin abinsa. Ni ina shagon har yau, na yi aure, na ƙara da gyaran waya.

Daminar da ta wuce gwaggo ta yi ciwon ƙafa, na je Dungas na taya shi noma kwana biyu. Muna cikin gero, kowa da kunyar da yake nomewa, yana ta maimaita wani baiti da ya maƙale masa, a kan uwar tasa da yadda take ƙin a ce ta tsufa. Layi uku sun zauna, na huɗu ya ƙi. Ya gwada wannan ya watsar, ya gwada wancan ya yi tsaki. Ni kuwa tun a karo na biyu layin ya faɗo mini, cikakke, kamar an ajiye mini shi a hannu. Na ci gaba da noma, ban ce komai ba. Muka kai ƙarshen gona, muka sha fura a gindin gawo, yana ta fama, ina kallonsa.

Da yamma ya ɗauko ni a moto zai mayar da ni Magarya. Ina bayansa, ina kallon zufar da ta jiƙa masa riga, na ji nauyin abin da na yi. Mun kusa rabin hanya na matsa kusa da kunnensa na faɗi layin. Iska tana kaɗawa, injin yana ƙara.

Ya ɗan juyo ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "Cewa na yi ka kula da rami."

Waƙar ta fito bayan girbi. Ya samo layi na huɗu da kansa, ba irin nawa ba ne ko kaɗan. Na saurare ta ni kaɗai a shago, na ɗora nawa a gurbin a zuciyata, na cire, na sake ɗorawa. Har yau ban yanke wanda ya fi ba. Gwaggo dai ta sa an zuba mata ita a waya, kuma duk wanda ya je duba ƙafarta sai ya saurara kafin a ba shi ruwa.